Daga nan zuwa rana farsakhi nawa ne? Lissafina ya ƙi tsayawa wuri ɗaya

Tela Mai Risala:

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, wata tambaya ce ta hana ni sakat yau kwana uku, na ce bari in kawo ta nan ko Allah zai sa a dace.

Ni tela ne. Da rana ina kan keke, bayan isha'i kuma ina biya wa wasu samari karatu a zauren gidanmu. Daren Lahadi muka iso babin sallar matafiyi a Risala, inda aka ce wanda zai yi tafiyar baridi huɗu, wato mil 48, shi ne zai yi ƙasaru. Na warware musu kamar yadda aka warware mini: baridi farsakhi huɗu ne, farsakhi kuwa mil uku. Sai wani yaro ɗan sakandare, wanda kullum shi ke zama kusa da fitila, ya ce, "Allah gafarta Malam, a makaranta an ce mana tsakaninmu da rana kilomita miliyan 150 ne. To farsakhi nawa ke nan?" 'Yan'uwansa suka fashe da dariya. Ni kuwa tambayar ta shige ni, na ce masa ya yi mini haƙuri zuwa Asabar.

Washegari a shago na ɗauko tef. An koya mana cewa mil zira'i 4,000 ne, zira'i kuma shi ne kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsan tsakiya. Na auna nawa, inci 18 da rabi, wato santimita 47. Na auna na yaron shagona, inci 17. Wani dogon mutum da ya zo karɓar ɗinkinsa ya miƙo hannu, nasa inci 20 cif. Da nawa kamun na yi lissafi: mil ya zama mita 1,880, farsakhi mita 5,640, rana kuma ta faɗo a farsakhi miliyan 26 da dubu 600. Sai na duba waya don in tabbatar. Wani wuri ya ce farsakhi mita 5,544 ne, wani ya ce 5,040, wani ya kai shi kusan kilomita 6. Amsa ta riƙa yawo tsakanin miliyan 25 da miliyan 30.

Abin da ya ƙara ruɗa ni, da na yi binciken da Larabci sai na ci karo da wani abu wai shi "farsakhi falaki", an ce tsawonsa ya haura kilomita tiriliyan 30. Yaya za a yi farsakhin da raƙumi ke cinyewa da hantsi ya koma haka?

To ga abin da nake nema. Wane farsakhi zan ɗauka in ba yaron nan amsa? Su malaman falaki na da, nawa suka ce nisan rana yake da nasu awon, kuma in an juya shi zuwa awon yau ina yake faɗawa? Ba na son in tsaya gaban yara in faɗi lambar da ban san asalinta ba.

Tsohon Safiyo:

Wa alaikumus salam. Malam Tela, Allah ya ƙara basira. Tef ɗinka bai yi maka ƙarya ba, wayarka ma haka. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina awon filaye, kuma tun ina sabon shiga aka koya mini cewa in an ce maka mil kaza, ka fara tambayar mil ɗin su wa. Wanda tsofaffin direbobinmu ke lissafi da shi na Ingila ne, mita 1,609. Na Rumawan da bai wuce mita 1,480 ba. Na masu falakin Bagadaza ya fi su duka tsawo, kuma shi ya kamata ka riƙe tunda zancen sama kake yi.

Wannan mil ɗin muna da hanyar kamo shi, domin sun gwada shi a jikin abin da har yau yana nan yadda yake, wato ita duniyar kanta. Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833 Miladiyya, ya tura masana filin Sinjar a arewacin Iraƙi wajen shekarar 830, saboda fili ne shimfiɗaɗɗe. Suka tsaya wuri guda suka auna tsayin ƙudubin arewa, wato cibiyar da taurari ke kewayawa, daga bakin sama, sannan suka rabu biyu, wasu suka miƙe arewa sak, wasu kudu, suna awon ƙasa har sai da tsayin nan ya canja da digiri ɗaya. A ruwayar marubucin tarihi Ibn Khallikan, da igiya da turaku suka yi aikin: a kafa turke, a ja igiya, a kafa wani, a cire na baya a ci gaba.

Duk wanda ya taɓa jan igiya a fili ya san abin da wannan ke nufi. Da safe raɓa ta jiƙa ta, ta takure. Da rana ta bushe ta saki. In ba ka ja ta da ƙarfi iri ɗaya kowane karo ba, cikinta ya yi lanƙwasa ta cinye maka taƙi guda ba ka sani ba. Ga kuma riƙe layi: ka kauce kaɗan daga arewa, tafiyarka ta ƙaru a banza. Mutanen nan sun yi haka na fiye da kilomita ɗari kowane ɓangare. Shi ya sa ruwayoyin suka ɗan saɓa, akwai mai cewa mil 56, akwai 56 da kwata, akwai 57. Lambar da ta shahara ita ce wadda Alfargani, masanin falaki na zamanin Ma'amun, ya rubuta, mil 56 da biyu bisa uku a digiri ɗaya. Ka ninka sau 360, kewayen duniya ya zama mil 20,400. Faɗinta daga wannan gefe zuwa wancan ta tsakiya wajen mil 6,500, rabinsa kuma, daga cibiyar ƙasa zuwa inda muke takawa, mil 3,250. Riƙe wannan lambar ta ƙarshe, za ka buƙace ta.

Su ma sun san hannaye ba ɗaya ba ne, don haka suka yi ƙoƙarin ɗaure zira'in: yatsa 24, kowane yatsa faɗin ƙwayar sha'ir shida an jera su ciki da baya, kowace ƙwaya kaurin gashin alfadari shida. Akwai kuma babban zira'i mai yatsa 32, wanda 3,000 nasa ke yin mil. Ka ga 4,000 sau 24 da 3,000 sau 32 duk yatsa 96,000 ne, mil ɗaya ne aka ƙirga da ma'auni biyu.

Wani masani ɗan Italiya, Nallino, ya bi diddigin abin ya tsayar da zira'insu a santimita 49.3, mil ya zama mita 1,973. Da wannan, digiri ɗaya kilomita 111.8 ne, mu kuwa yau muna samun wajen 111. Kewayen duniya ya fito kusan kilomita 40,250, namu na yau in an bi ta arewa da kudu 40,008. Ni dai duk lokacin da na tuna da igiya aka yi wannan sai tsigar jikina ta tashi.

Kuma rikita mil ba ƙaramin abu ba ne. Kolumbus ya karanta wannan lamba ta Alfargani, 56 da biyu bisa uku, amma ya ɗauka mil ɗin Rumawa ake nufi. Duniya ta tsuke masa zuwa kilomita dubu 30, kwata guda ya ɓace. Da wannan lissafin ya shiga teku a 1492 yana zaton Asiya na nan kusa ta yamma.

Don haka ga amsar yaronka da awon masu falaki: farsakhi mita 5,919, rana kuma farsakhi miliyan 25 da dubu 270 da 'yan kai.

Almajirin Mukhtasar:

Baba Safiyo, Allah ya saka da alheri, mun ƙaru. Ina so in ɗan ja hankalin Malam Tela kan abu ɗaya, kada a kai wannan mil ɗin cikin babin ƙasaru a ce shi ne na Risala.

Malaman fiƙihu kansu sun saɓa a kan mil. A mazhabarmu ta Malikiyya akwai zance biyu sanannu: wanda ake kira mashhuri, zira'i 2,000, da wanda Ibn Abdil Barr ya inganta, zira'i 3,500. Hanafiyya na cewa 4,000. Imamu Nawawi a Shafi'iyya ya ce 6,000. Lambobin da Malam ya gani a waya daga nan suka fito. In ka ɗauki zira'i 3,500 kowane santimita 48, mil ya zama mita 1,680, farsakhi 5,040, mil 48 kuma kilomita 80 da ɗoriya. In ka ɗauki 4,000 a santimita 46.2, mil mita 1,848 ne, farsakhi 5,544, tafiyar ƙasaru ta kusa kilomita 89. Da na 2,000 za a bi, farsakhi bai kai kilomita 3 ba, rana ta tafi wajen farsakhi miliyan 52.

Dalilin da ya sa wannan saɓani bai dami magabata ba shi ne, ba da tef suke gane tafiyar ba. Suna gane ta da yini biyu na raƙuma masu kaya, da kuma garuruwan da kowa ya sani, kamar Makka zuwa Jidda, Makka zuwa Ɗa'if, Makka zuwa Usfan, yadda ya zo a Muwaɗɗa. Matafiyi ya san ya yi nisa ko bai yi ba. Mai falaki kuwa dole ya ƙulle zira'insa, tunda zai ninka shi sau miliyoyi. A gaya wa yaron lamba, amma a haɗa masa da cewa mil ɗin masu falaki aka ɗauka.

Malamar Fiziks:

Sallama gare ku. Malam Tela, ka gaishe mini da yaron nan, irinsa nake nema a ajina. Baba Safiyo ya gama da ƙasa, bari in ɗauki sama.

Da farko awon yau. Matsakaicin nisan da ke tsakanin duniya da rana shi ne sandar awon masu ilimin taurari, suna taƙaita sunansa da haruffa biyu, AU. Tun 2012 ƙungiyarsu ta duniya ta ƙulle shi a mita 149,597,870,700 daidai, ba ƙari ba ragi. Haske na gudun kilomita 299,792 a sakan ɗaya, wato farsakhi dubu 50 da ɗari shida kafin ka ƙifta ido sau biyu, kuma yana ɗaukar minti 8 da sakan 19 daga rana zuwa nan. Ayarin raƙuman da Almajiri ya ambata, mai cin farsakhi 8 a yini, zai yi shekara 8,650 a hanya ba hutu. Shekarar haske kuma nisa ce, ba lokaci ba, abin da haske ke ci a shekara guda: kilomita tiriliyan 9.46, AU 63,241, ko farsakhi tiriliyan 1.6.

Yanzu tambayarka ta biyu, wadda ta fi daɗi. Magabata ba da mil suke fara auna sama ba. Da rabin faɗin duniya suke aunawa, wancan mil 3,250 da Baba ya ce ka riƙe, sai daga baya su juya. Batlaimus na Iskandariyya, a ƙarni na biyu Miladiyya, ya ce matsakaicin nisan rana rabin faɗin duniya sau 1,210 ne, wata kuma in ya yi nisa ƙwarai sau 64 da ɗaya bisa shida. Alfargani ya bi sahunsa, da fahimtar cewa falakai a jere suke ɗaya cikin ɗaya kamar ɓawon albasa, babu fili tsakaninsu, inda na ƙasa ya ƙare nan na sama ya fara. Ga iyakar nisan wata da rana da taurari masu yawo a wurinsa, da ninkin rabin faɗin duniya: wata 64 da ɗaya bisa shida, Uɗaridu 167, Zuhura 1,120, rana 1,220, Mirrihu 8,876, Mushtari 14,405, Zuhal 20,110. Daga nan sai falakin taurari tsayayyu.

Mu juya. Wata: mil 208,500 da 'yan kai, wato kilomita dubu 411. Yau mun san in wata ya yi nisa yana kai wajen kilomita 405,500, matsakaicinsa 384,400. Ka ga a nan sun harbi tsuntsu a ido. Rana: 1,220 sau 3,250 ya ba da mil 3,965,000, farsakhi miliyan 1 da dubu 320, kilomita miliyan 7.8. Wannan kashi ɗaya ne cikin 19 na ainihin nisan. Gaskiyar lambar ba 1,220 ba ce, ta kusa 23,500.

Ga wurin da nake tsayawa in yi shiru duk shekara in na zo koyar da shi. Falakin taurari a wurin Alfargani, ƙarshen duk abin da ake iya aunawa, mil 65,357,500 ne. Da mil na mita 1,973 wannan kilomita miliyan 129 ne, AU 0.86. Wato sammansa gaba ɗaya, har da Zuhal da taurari, za su shige tsakaninmu da rana a sami ragowar wuri. Haske zai ratsa su cikin minti 7 da sakan 10.

Me ya sa suka dace a wata suka kauce a rana? Ba sakaci ba ne, ido ne ya kai iyakarsa. Bari in ba ka misali da sana'arka. Aristarkus, Bagirke na ƙarni na uku kafin Miladiyya, ya lura cewa ranar da wata ya rabu biyu daidai, rabi haske rabi duhu, to duniya da wata da rana sun yi alwatika mai kusurwa miƙaƙƙiya a wurin wata. In ka auna kusurwar da ke tsakanin wata da rana daga nan, ka san ninkin nisan. Ya samu digiri 87, ya ce rana ta ninka nisan wata tsakanin sau 18 da 20. Ainihin kusurwar ta kusa 90 ƙwarai, abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin shida na digiri ba, ninkin kuma wajen 390 ne. Ɗauki ƙyalle ka yanka alwatika, gindinta inci ɗaya. Da lissafinsa, tsawonta inci 19 ne, ɗan kamunka da ɗoriya. Da lissafin gaskiya inci 390 ne, kusan yadi 11. Bambancin da bai kai digiri uku ba a bakin almakashi shi ya haifar da wannan tazarar. Kuma wa zai iya cewa ga daidai lokacin da wata ya rabu biyu da ido kawai?

Sai da madubin hangen nesa ya zo. A 1672 Kasini a Faris da Rishe a Kayen, can Kudancin Amurka, suka auna Mirrihu lokaci guda daga wurare biyu, rana ta tashi zuwa wajen kilomita miliyan 140. Aka ƙara gyarawa da giftawar Zuhura ta gaban rana a 1761 da 1769, sannan a 1961 aka aika wa Zuhura siginar rada aka ƙirga lokacin dawowarta.

Shi kuma "farsakhi falaki" ba farsakhi ba ne ko kaɗan. Sunansa na asali parsek, wani masanin taurari ɗan Ingila mai suna Tana ya ƙirƙiro kalmar a 1913 daga gutsuren kalmomi biyu, ɗaya na nufin gocewar gani, ɗaya sakan na kusurwa. Da alama Larabawa sun ga ta yi kama da farsakh a kunne ne, suka ara mata sunan. Miƙa babban yatsanka gabanka, ka rufe ido ɗaya, ka buɗe ka rufe ɗayan, za ka ga yatsan ya yi tsalle a jikin bango. Haka tauraro na kusa ke gocewa in an dube shi yau aka sake dubawa bayan wata shida, lokacin da duniya ta koma ɗaya gefen rana. Nisan da AU ɗaya zai bayyana da faɗin sakan ɗaya na kusurwa, kashi ɗaya cikin 3,600 na digiri, shi ne parsek: AU 206,265, shekarar haske 3.26, kilomita tiriliyan 30.9, farsakhin Baba Safiyo tiriliyan 5.2. In kana son ka ji ƙanƙantar sakan ɗaya, ka ajiye maɓalli mai faɗin inci ɗaya ka ja baya kilomita 5 da kwata, kusan farsakhi guda, ka dube shi. Babu tauraron da gocewarsa ta kai haka ma, shi ya sa ba a iya aunawa ba sai a 1838, da Besel ya yi a Jamus. Mafi kusa da mu, Proksima, yana shekarar haske 4.24. Kaza da 'ya'yanta kuwa wajen shekarar haske 440, farsakhi ya haura tiriliyan 700.

Ɗan Birni a Alƙahira:

Malama da Baba, a gafarce ni, akwai inda ban gamsu ba. Alfargani ya ce mil ɗinsa zira'i 4,000 ne da baƙin zira'i, zira'us sauda. Nan Alƙahira a tsibirin Rauda akwai ma'aunin ruwan Nilu da aka gina a 861, na shiga na gani, ginshiƙi ne na dutse a tsakiyar rijiya an tsaga masa zira'i zira'i, kuma shi kansa Alfargani ake danganta wa kula da ginin. Wani Bajamushe, Hinz, ya dogara da wannan ginshiƙin ya ce baƙin zira'i santimita 54 ne. In haka ne mil ya zama mita 2,160, digiri ɗaya kilomita 122, mutanen Ma'amun sun zarce da kashi goma cikin ɗari. To da wane dalili muka zaɓi 49.3 muka bar 54? Kada ya zama mun zaɓi zira'in da zai ba mu amsar da muka riga muka sani, sannan mu dawo muna mamakin dacewarsu.

Irin wannan ake yi wa Eratostenis, masanin Girkawan da. Ya ce kewayen duniya sitadiya 252,000 ne, sitadiya kuwa ma'aunin nisa ce ta Girkawa. Mai son ya yabe shi sai ya ɗauki sitadiya ta mita 157.5, ya samu kilomita 39,690, ya ce kun gani. Wanda ya ɗauki ta mita 185, wadda takwas ɗinta ke yin mil ɗin Rumawa, zai samu 46,620.

Tsohon Safiyo:

Yaro, ka yi magana, kuma ba zan kare abin da ba ya karuwa ba. Masana sun saɓa a kan wane zira'i aka ja a Sinjar, kuma sunan zira'i ɗaya kan ɗauki tsawo dabam daga gari zuwa gari, kamar yadda mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba. Abin da ke sa ni karkata ga ƙaramin shi ne zira'i mai yatsa 24 a hannun mutum yana faɗawa kusa da santimita 48 zuwa 50, shi kuwa baƙin zira'i wasu na ba shi yatsa 27. Sannan masanin falaki Albiruni, bayan kusan shekara ɗari biyu, ya sake awon ta wata hanya dabam a Nandana, cikin Pakistan ta yau: ya auna tsayin dutse, ya hau ya auna yadda bakin sama ya sunkuya, ya samu rabin faɗin duniya zira'i miliyan 12 da dubu ɗari takwas da ɗoriya, kusa ƙwarai da na mutanen Ma'amun, wanda yake miliyan 13. Hanya biyu sun haɗu, wannan ya nuna hannunsu ya zauna. Amma santimita nawa ne zira'in, wannan ƙiyasi ne, kuma ya kamata Malam Tela ya faɗa wa ɗalibansa haka.

Malamar Fiziks:

Ɗan Birni, gyaranka ya yi, kuma akwai hanyar kewaye ramin gaba ɗaya. Tunda su da rabin faɗin duniya suka auna sama, mu bar zira'i a gefe mu sa namu rabin faɗin, kilomita 6,371. Rana a wurin Alfargani: 1,220 sau 6,371, kilomita miliyan 7.8. Falakin taurari: 20,110 sau 6,371, kilomita miliyan 128. Babu gashin alfadari a ciki, amsar kuma ba ta motsa ba. Ko da zira'inka na santimita 54 aka bi, falakin taurarin kilomita miliyan 141 zai zama, har yanzu bai kai rana ba. Rigimar zira'i kashi goma cikin ɗari ce, kuskuren kusurwa kuwa ninki 19.

Tela Mai Risala:

Allah ya saka wa kowa da alheri, Baba Safiyo, Malama, Almajiri, Ɗan Birni. Jiya Asabar na cika alkawari.

Na tafi da ƙwaryar zare da tef da alli. Na zana layin inci ɗaya a dandamalin zaure, na ce wannan shi ne daga nan zuwa wata. Na yanko zare inci 19 na ba wani ya riƙe, na ce ga inda magabata suka sa rana. Sannan na ba yaron nan bakin zaren na ce ya yi ta tafiya sai na ce ya tsaya. Ya fita zaure, ya tsallake kwata, sai da ya kai jikin katangar maƙwabcinmu yadi 11 suka cika. Da muka ja zare biyu daga bakuna biyu na layin allin zuwa hannunsa, sai suka kwanta kamar zare ɗaya, da fitilar waya ma da ƙyar ake raba su. Babu wanda ya yi dariya wannan karon.

Na rubuta masa a bayan littafinsa: farsakhi miliyan 25 da dubu 270, bisa mil ɗin masu falakin Ma'amun in an ƙiyasta shi mita 1,973, kuma ba shi ne mil ɗin babin ƙasaru ba. Ya karanta, ya ce shi yanzu awon Sinjar yake so mu maimaita. Yana da ɗan'uwa da ke karatu a Zariya, ni kuma ina da ƙane a Katsina, ya ce malaminsu ya gaya musu garuruwan biyu kusan a layi ɗaya suke daga kudu zuwa arewa, tsakaninsu ya kusa digiri biyu. Baba Safiyo, in kowannensu ya kafa sanda ya auna inuwarta da tsakar rana a yini ɗaya, sanda mai tsawon nawa ya kamata su samu, kuma yaya za su tabbatar ta tsaya cak ba ta karkata ba?